Kwatanta ragar ƙwaƙwalwar majinyata da ta lafiyayyu: wace hanya ta dace da ƙaramin bincike a Katsina?

A ɗauka wata tawagar bincike a Katsina, likita da masanin hoton asibiti da ɗalibin lissafi daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ta samu hoton fMRI na hutu, wato hoton MRI mai bin aikin ƙwaƙwalwa yayin da mutum ke kwance ba ya yin komai, daga masu sikila 25 da lafiyayyu 25. Tambayarsu guda ce: shin sassan ƙwaƙwalwar majinyatan na tafiya tare kamar yadda na lafiyayyun ke yi? Hanyoyin amsa wannan tambaya sun kai biyar, kowace da manhajarta, kuma bayanai iri ɗaya za su iya cewa "akwai bambanci" a wannan, su ce "babu" a waccan. Wanda ya gwada su duka sannan ya wallafa wadda ta yi masa daɗi bai gano komai ba. Shi ya sa ake zaɓe tun kafin a ga sakamako, a rubuta zaɓin cikin takardar da za a kai wa kwamitin ɗa'ar bincike. Yawan mutane ne ya fi komai yanke hukunci a nan, kuma da 25 a kowane rukuni, hanyoyin da suka fi fitar da zane mai ban sha'awa su ne suka fi ƙarfin bayanan.

Abin da ake kwatantawa

Ana raba ƙwaƙwalwa zuwa yankuna da wata taswira da aka amince da ita. Taswirar AAL ta 2002 tana da yankuna 90 a babbar ƙwaƙwalwa, 116 in an haɗa da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Ta Schaefer ta 2018 tana farawa daga 100 har 1,000. Daga kowane yanki sai a ɗauki matsakaicin siginar BOLD, wato hawa da saukar oksijin a jini da fMRI ke aunawa, na tsawon zaman, a lissafa dangantakar Pearson, ma'aunin yadda sigina biyu ke hawa da sauka tare, tsakanin kowane yanki biyu. Lambar da ta fito, r, ita ce ƙarfin zaren da ya haɗa su. Kafin a yi wani lissafi da ita a mayar da ita z na Fisher, domin r a matse take tsakanin −1 da 1, kuma tarwatsuwarta tana ƙanƙancewa idan ta kusanci iyakokin.

Yawan zaruruwa shi ne n(n−1)/2. Yankuna 90 sun ba da 4,005, yankuna 100 sun ba da 4,950, yankuna 400 kuwa 79,800. Duk wahalar da ke tafe daga wannan lissafi ta samo asali: dubban lambobi ga kowane mutum, mutanen kuma 50 kacal.

AAL ta bi tsagin jikin ƙwaƙwalwa ne, don haka wasu yankunanta manya ne da ke haɗa sassa masu aiki daban-daban a sigina ɗaya. Schaefer an yanka ta ne daga bayanan fMRI, ta fi dacewa da wannan aiki, amma ɓawon ƙwaƙwalwa kaɗai ta ƙunsa. Mai binciken farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki dole ya ƙara mata yankunan ciki irin su talamos da hifokamfos daga wata taswirar, in ba haka ba ya bar wurin da cutar take a waje.

Zare bayan zare

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a yi gwajin t, mai kwatanta matsakaicin rukuni biyu, a kan kowane zare. Da zaruruwa 4,005 da iyakar p ta 0.05 (p ita ce yiwuwar ganin irin wannan bambanci alhali babu shi a gaskiya), kimanin 200 za su fito da "bambanci" ko da rukunonin biyu daga gida ɗaya aka ɗebo su. Gyaran Bonferroni, wato raba iyakar da yawan gwaje-gwajen, yana sauko da ita zuwa 0.0000125. Ga mutum 25 da 25, wannan na nufin t ya kai wajen 4.9, wato girman bambanci d, tazarar rukunonin biyu in an auna ta da tarwatsuwar mutanensu, kusan 1.4. Da wuya a ga irin wannan a zare guda, musamman da yake awon zare guda ba ya tsayawa wuri ɗaya: nazarin da Noble da abokan aikinta suka tattara a 2019 ya nuna matsakaicin amincinsa, in an sake ɗaukar mutum ɗaya karo na biyu, 0.29 ne a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito. Gyaran FDR na Benjamini da Hochberg, na 1995, mai taƙaita kason sakamakon bogi cikin waɗanda suka fito, ya fi sassauci, amma sassaucin yana amfani ne idan zaruruwa da yawa sun bambanta sosai. In ƙalilan ne, bai fi Bonferroni da wani abin kirki ba.

Ribar hanyar ɗaya ce: in zare ya tsallake gyaran, ana da hurumin ambaton sunansa. Ta dace da wanda ya shigo da hasashe ƙayyadajje, misali zaruruwa shida tsakanin hifokamfos da yankunan DMN, gungun da ke aiki lokacin da hankali ke yawo, ga masu farfaɗiyar gefen kunne. Gwaji shida aiki ne da mutum 50 za su iya ɗauka. Gwaji 4,005 ba nasu ba ne.

NBS

Zalesky da Fornito da Bullmore ne suka fitar da NBS, hanyar gwada dunƙulen zaruruwa maimakon zare ɗaya-ɗaya, a 2010, bisa tunanin cewa cuta ba ta taɓa zare ɗaya ta bar maƙwabtansa. Matakinta huɗu ne. A yi gwajin t a kowane zare. A riƙe waɗanda suka haye wata iyakar farko, galibi t tsakanin 2.5 da 3.5. A duba waɗanda suka sarƙu da juna ta yanki ɗaya ko fiye, a ƙirga girman kowane dunƙule. Sannan a cakuɗa sunayen rukuni, wane majinyaci wane lafiyayye, sau 5,000 ko 10,000, kowane karo a ajiye girman dunƙule mafi girma. Ƙimar p ita ce kason cakuɗawar da dunƙulenta ya kai ko ya zarce na ainihi.

Ƙarfinta ya fi na zare bayan zare idan bambancin a haɗe yake. Amma abu uku ke kayar da masu amfani da ita, kuma na farkon ya zama ruwan dare a takardun da aka wallafa. Ƙimar p ta dunƙulen ce gaba ɗaya. In NBS ta fitar da dunƙule mai zaruruwa 60 da p na 0.01, abin da aka tabbatar shi ne akwai bambanci a wani wuri cikin ragar. Ba a tabbatar da ko zare ɗaya cikin 60 ɗin ba, don haka jimla irin "haɗin talamos da goshin hagu ya raunana" ta wuce abin da gwajin ya ba da izini. Na biyu, iyakar farko tana canza labarin: t na 2.5 yana fito da faffaɗan dunƙule mai zaruruwa ɗaruruwa marasa ƙarfi, 3.5 kuma ƙarami mai ƙarfi, ko babu komai. Babu iyakar da ta fi sauran inganci a ƙa'ida. A zaɓi ɗaya tun farko, a nuna sakamakon biyu na kusa da ita a matsayin ƙarin bayani. Akwai samfurin da ba ya buƙatar iyaka, wanda Baggio da abokansa suka fitar a 2018, sai dai shi ma yana da lambobi biyu da ake saitawa. Na uku, gwajin ɓangare ɗaya yake kallo. "Majinyata sun gaza lafiyayyu" da "majinyata sun fi lafiyayyu" gwaji biyu ne, kowane sai a auna shi da 0.025.

Manhajar tana ba da zaɓin auna dunƙule da yawan zaruruwansa ko da jimillar ƙarfinsu. Na farkon ya fi kama rauni mai yaɗuwa, na biyun ya fi kama mai tsanani a ƙaramin wuri. Ga sikila, inda ƙarancin iskar oksijin ke shafar farin sashen ƙwaƙwalwa ko'ina, na farkon ya fi ma'ana. Shekaru da jinsi da motsin kai ana saka su ne cikin jadawalin tsarin gwajin a matsayin ginshiƙai na daban, ba a cire su daga bayanan da hannu kafin a fara ba.

Matsakaicin manyan gungu

Wannan ce hanyar da ba ta da kwarjini, kuma ita ce ta fi dacewa da tawagar da muka ɗauka misali. Yeo da abokansa sun raba ɓawon ƙwaƙwalwa gungu 7 a 2011: na gani, na motsi da jin taɓi, biyu na mai da hankali, na motsin rai, na sarrafa tunani, da DMN mai aiki lokacin da hankali ke yawo. Kowane yanki na Schaefer ya zo da sunan gungunsa. Sai a ɗauki matsakaicin z na duk zaruruwan da ke cikin kowane gungu, lamba 7, da na tsakanin kowane gungu biyu, lamba 21. Jimilla 28 ga kowane mutum maimakon 4,950.

Riba biyu ake ci a lokaci guda. Iyakar Bonferroni ta koma 0.0018, t ɗin da ake nema kimanin 3.3, d kimanin 0.9. Sannan matsakaicin zaruruwa ɗari ya fi zare ɗaya tsayuwa nesa ba kusa ba, domin hayaniyar kowane zare tana kashe ta ɗan uwansa. Noble da Mejia da Zalesky da Scheinost sun gwada matakan a kan manyan bayanai a 2022, suka samu gwaji a matakin gungu ya fi na dunƙule da na zare ƙarfin gano bambanci na gaskiya. Mai bincike zai iya cire gungun motsin rai ma, tunda yankunansa suna saman kogon hanci da na kunne inda siginar ke dusashewa. Lambobin sai su koma 21.

Asararta a fili take: in cutar ta raunana rabin zaruruwan gungu ta ƙarfafa ɗaya rabin, matsakaici zai nuna sifili. Ciwon da ke gefe ɗaya, kamar farfaɗiyar da ke tasowa daga hagu kawai ko daga dama kawai, yana buƙatar a raba kowane gungu gida biyu, gefen ciwo da gefen lafiya, ba hagu da dama ba.

Ma'aunan siffar raga

A nan ana matse ragar mutum gaba ɗaya zuwa lambobi kaɗan: yawan cunkuson maƙwabta, gajartar hanya tsakanin yankuna, saurin isar da saƙo, rabuwar ragar gida-gida, da yankunan da suka zama cibiya. Tarin manhajar BCT da Rubinov da Sporns suka bayyana a 2010, da GRETNA, suna fitar da su cikin mintuna. Sauƙin nan ne tarkon.

Yawancin ma'aunan suna buƙatar a fara zubar da raunanan zaruruwa, kuma duk yadda aka zubar akwai matsala. In aka sa iyaka ɗaya ga kowa, misali r na 0.3, mai raunin dangantaka zai tashi da zaruruwa kaɗan, kuma kusan kowane ma'auni yana bin yawan zaruruwa ne, kamar yadda van Wijk da abokansa suka nuna a 2010. Bambancin da aka samu sai ya zama na yawa, ba na siffa ba. In kuma aka ce kowa a bar masa kaso ɗaya, misali kashi 10 cikin ɗari mafi ƙarfi, wato zaruruwa 400 cikin 4,005, an gyara wancan an ɓata wani. Majinyacin da zaruruwansa na gaske ba su kai 400 ba, kamar mai awon da aka tilasta wa cika mudu ne alhali hatsinsa ya gaza: da ƙaiƙayi zai cika. Ƙaiƙayin a nan zaruruwan hayaniya ne, masu faɗawa ko'ina ba tsari, kuma zaren da ya faɗa ba tsari yana gajarta hanya ya rage cunkuso. Sakamakon sai ya fito cewa ragar majinyata "ta fi saurin isarwa" ko "ta rasa tsari", alhali abin da ya faru kawai shi ne dangantakarsu gaba ɗaya ta yi ƙasa. Van den Heuvel da abokansa sun nuna wannan a 2017 da bayanan majinyata na gaske, ciki har da masu sikizofireniya.

Mafita a nan ita ce a fara kwatanta matsakaicin ƙarfin zaruruwa duka tsakanin rukunonin. In ya bambanta, a faɗa, a saka shi cikin lissafi, a ga ko sauran bambancin zai tsira. Sau da yawa ba ya tsira. A kuma lissafa ma'aunin a kaso da dama, daga 10 zuwa 30 cikin ɗari, a haɗa su lamba ɗaya a gwada sau ɗaya, ba a yi gwaji 21 a nuna wanda ya fita ba. A ƙaramin kaso raga tana yayyagewa, wani yanki ya rabu da sauran, tsawon hanya ya zama marar iyaka, don haka saurin isarwa ya fi shi aminci. Lissafin Louvain na raba raga gida-gida ba ya ba da amsa ɗaya sau biyu, sai an maimaita shi sau 100 ko fiye an ɗauki matsayar da aka fi haɗuwa a kai.

Akwai kuma wata magana da ba kasafai ake son ji ba. Jadawalin dangantaka da cunkusonsa yake zuwa: in A na tafiya da B, B na tafiya da C, to akwai yiwuwar A da C su tafi tare ko babu ƙwaƙwalwa a zancen. Siginar da kwamfuta ta ƙirƙira ba tsari ma tana fitar da siffar "ƙaramar duniya", wato cunkuso mai yawa tare da gajerun hanyoyi, da Watts da Strogatz suka bayyana a 1998. Rahoton cewa rukunonin biyu duk suna da wannan siffa ba labari ba ne. A ganina, ga ƙaramin bincike, waɗannan ma'aunan na zuwa ne a ƙarshe, guda biyu ko uku da aka ambata tun farko, ba a matsayin babban sakamako ba.

ICA

ICA, hanyar da kwamfuta ke raba siginar zuwa sassa masu zaman kansu, ba ta buƙatar taswira. Ana haɗa hotunan kowa, manhajar MELODIC ta FSL ta raba su kashi 20 zuwa 30, a tantance waɗanda gungun ƙwaƙwalwa ne da waɗanda hayaniyar jijiyoyin jini ko motsi ce, sannan a mayar da kowane gungu kan kowane mutum a mataki biyu, a kwatanta ɗigo bayan ɗigo. Ta fi dacewa da tambayar "ina ne cikin DMN ya canza". Kurakuranta biyu sanannu ne: a gwada gungu 10 a manta da gyara iyakar p domin goman, da kuma gina taswirar rukuni daga mutanen da ɓangare ɗaya ya rinjaya. In rukunonin ba su yi daidai ba, a ɗauki adadi ɗaya daga kowane, ko a yi amfani da gungu 10 na Smith da abokansa na 2009.

Abubuwan da babu hanyar da ke gyarawa

Duk biyar ɗin suna auna bambanci tsakanin rukuni biyu ne. Ba su san ko daga cutar ya zo ba.

Motsin kai ne na farko. Takardu uku da suka fito a 2012, na Power da na Van Dijk da na Satterthwaite, sun nuna motsin da bai kai milimita ɗaya ba yana ƙara dangantakar yankunan da ke kusa ya rage ta masu nisa. Wannan siffa, "na nesa sun raunana, na kusa sun ƙarfafa", ita ce ainihin abin da aka sha dangantawa da cututtuka. Majinyaci mai ciwon ƙugu ko yaro ɗan shekara 9 zai fi ɗalibin jami'a motsi. Ana auna shi da FD: jimillar gocewar kai ta fuskoki uku da juyawarsa ta fuskoki uku daga hoto zuwa na gaba, juyawar a mayar da ita milimita a kan da'ira mai faɗin milimita 50 daga tsakiya. A yar da hotunan da FD ya haye 0.5, ko 0.2 ga mai tsauri, a cire duk wanda abin da ya rage masa bai kai minti 4 zuwa 5 ba. Zaman minti 10 da hoto kowane daƙiƙa 2 ya ba da hotuna 300, akwai rarar da za a zubar. Zaman minti 5 ba shi da ita. A rubuta matsakaicin FD na kowane rukuni da adadin waɗanda aka cire, domin waɗanda ake cirewa galibi su ne mafi jin jiki, kuma wanda ya rage ba shi ne hoton cutar duka ba.

Na biyu ya fi shafar yankinmu: jini. BOLD ba ya auna ƙwayoyin jijiya, canjin oksijin a jini yake aunawa. Mai sikila SS a lokacin lafiyarsa himoglobin ɗinsa yana tsakanin giram 6 da 9 a kowane desilita, lafiyayye kuwa 12 zuwa sama. Ƙwaƙwalwarsa tana ramawa da ƙarin gudun jini, jijiyoyin sun riga sun buɗe, ragowar ikon buɗewarsu ya ragu. Siginar za ta iya bambanta ko da aikin ƙwayoyin jijiyar bai canza ba. Saka himoglobin cikin lissafi ba ya warware wannan, domin lambobin rukunonin biyu kusan ba sa haɗuwa a tsakiya: sanin himoglobin ɗin mutum daidai yake da sanin rukuninsa, lissafi kuma ba zai iya raba abu biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Abin da ke taimakawa yana cikin tsarin binciken ne. A ƙara rukuni na uku na masu ƙarancin jini ba na sikila ba. Ko a ƙara ɗan gajeren zama na riƙe numfashi na daƙiƙa 15 sau da yawa, don auna ikon buɗewar jijiyoyi. Ko a duba cikin majinyatan su kaɗai ko ma'aunin yana bin himoglobin. A ɗauki hoton bayan aƙalla mako 4 da tashin ciwo da wata 3 da ƙarin jini, a rubuta wa ke shan haidiroksiyuriya, wa ke shan maganin ciwo mai sa maye. Wanda hotonsa ya nuna tabon mutuwar sashe da bai taɓa ba shi alama ba, a rufe wurin tabon kafin a daidaita hoton da ma'aunin MNI, samfurin ƙwaƙwalwar da ake ɗora hoton kowa a kai. Ga masu farfaɗiya, kabamazefin da fenobabiton da balfurowet duk suna taɓa aikin ƙwaƙwalwa, kuma babu lafiyayyen da ke shan su.

Goro da shayi suna da sinadarin kafin (caffeine), mai matse jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya rage dangantakar BOLD. A ba kowa umarni ɗaya, kuma a tambaya da sunan abin, don dattijon da ya ce bai sha komai ba bai ƙirga goron da ya ɓara da safe ba. Barci ma haka: Tagliazucchi da Laufs sun nuna a 2014 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane ba sa wuce minti 3 a farke sosai cikin injin. Majinyacin da ya taso daga Daura ko Mai'adua bayan sallar asuba ba ɗaya yake da ma'aikacin asibiti da ya sauko daga ofis ba. Ido a buɗe kan alama ɗaya, lokaci ɗaya na yini ga kowa, kada kuma a ɗauki wani rukuni cikin azumi wani bayan salla.

Daga nan ake gane cewa zaɓen lafiyayyu ya fi zaɓen manhaja nauyi. Ɗaliban likitanci da ma'aikata sun fi sauƙin samu, amma sun bambanta da majinyata a ilimi da abinci da sabo da asibiti. Wa ko ƙane ko maƙwabcin majinyaci mai AA ya fi. In 'yan uwa aka ɗauka, cakuɗawa sai a yi ta cikin kowane gida, ba tsakanin kowa da kowa ba, abin da manhajar PALM ke iya yi. A wajen daidaita ilimi kuma, a rubuta shekarun makarantar allo da Islamiyya, kada a sa wa mahaddaci sifili.

In fMRI ba ta samu ba

Da yawa daga injinan MRI na ƙasar nan masu ƙaramin ƙarfi ne, ƙasa da rabin Tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisun injin), ba su isa BOLD ba, kuma mai Tesla 1.5 ma sai an tabbatar an saka masa tsarin ɗaukar hoto mai sauri na EPI. EEG, awon da ake yi da wayoyi a fatar kai, ta fi kusa da hannu, kuma ta tsallake matsalar jini tunda lantarkin ƙwaƙwalwa take ɗauka. Wayoyi 19 na tsarin 10-20 sun ba da zaruruwa 171 a kowane zangon sigina. Nata ciwon shi ne tushe ɗaya yana isa wayoyi da yawa a lokaci guda ta ƙashin kai, ya haifar da dangantakar bogi, don haka a auna da ma'aunan dangantaka na PLI ko wPLI, masu watsi da siginar da ta iso ba jinkiri. A riƙe tsayayyar kowace waya ƙasa da kilo-om 5, a tace hayaniyar wutar lantarki ta 50 Hz, a lura cewa janareta ba ya tsayawa daidai kan 50. A sanar da mata tun kwana biyu kafin ranar su tsefe kitso su wanke kai ba mai. Adadi da tsawon guntayen da aka yanka su zama ɗaya ga kowa, domin PLI yana hawa idan guntun ya gajarta. Ma'aunan siffar raga a kan wayoyi 19 ba su da faɗin da za su ce wani abu mai yawa. NBS ko matsakaicin gaba da baya da gefe sun fi.

Hoton yaɗuwar ruwa, mai bin hanyoyin farin sashe, yana aiki a Tesla 1.5 in an samu fuskoki 30 ko fiye, tare da b, ƙarfin awon yaɗuwar, na 1,000. Yawan layukan da manhajar MRtrix3 ta zana ba yawan jijiyoyi ba ne, kuma lissafin yana ƙirƙiro hanyoyin da babu su, don haka a riƙe zaruruwan da suka bayyana a mafi yawan mutanen rukunonin biyu a haɗe.

Ƙara yawan mutane

Don a samu damar kashi 80 cikin ɗari ta kama bambanci mai d na 0.8 a gwaji guda, ana buƙatar 26 a kowane rukuni. Ga d na 0.5, 64. Wannan ya sa haɗa gwiwa da cibiyoyin Kano ko Zariya ke da amfani, amma injin daban yana zuwa da nasa bambancin. Lissafin ComBat, na daidaita bayanan injina daban-daban, yana gyara shi ne kawai in kowace cibiya ta kawo majinyata da lafiyayyu duka. In majinyatan daga Katsina suke, lafiyayyun daga Kano, ko daga rumbunan intanet irin su ABIDE da OpenNeuro, injin da cutar sun zama abu ɗaya, babu lissafin da zai raba su. Amfanin waɗannan rumbunan ga tawagar shi ne atisaye: a bi matakan duka da manhajar fMRIPrep ko CONN ko Nilearn a kansu, a raba lafiyayyunsu gida biyu da ƙuri'a, a kwatanta. In hanyar da aka zaɓa tana yawan samun "bambanci" tsakanin lafiyayyu da lafiyayyu, fiye da sau 5 cikin 100, akwai kuskure a tsarin, kuma gara a gano shi kafin majinyaci na farko ya kwanta cikin injin.